Tilas Ba Ta Rasa Ɗakin Kwana

Hafsan ya tsaya gaban uwar gida cikin kakinsa tsaf, ya gaishe ta kamar ɗan da aka yi wa tarbiyya. Abin da yake nema ƙarami ne: mabuɗin fiyanon da ke falo. Ya roƙa da lafazi mai taushi, ya kuma yi alkawarin zai kula da kayan. Matar ta tsane shi har cikin ranta, kuma da gangan ta kulle fiyanon, don ba ta son jin kiɗa a gidan da ɗanta ke tsare a hannun abokan gaba. Duk da haka mabuɗin ya isa hannunsa. Kowa a gidan ya san zai isa ko ta so ko ta ƙi, domin motocin yaƙi na bakin titi, tutar Jamus kuma na kaɗawa a dandalin gari. Abin da ya fito daga bakinsa roƙo ne, amma roƙon da amsarsa guda ɗaya ce tak.

Wannan yana cikin fim ɗin Suite Française, wanda Saul Dibb ɗan Ingila ya ba da umarni, ya shiga gidajen sinima a 2015. An ɗauko labarin daga littafin Irène Némirovsky mai wannan suna. Michelle Williams ce ta fito a Lucile Angellier, matar aure da mijinta Gaston ke fursunan yaƙi. Kristin Scott Thomas ta fito a uwar mijinta, Matthias Schoenaerts kuma shi ne Laftanar Bruno von Falk, hafsan da aka sauke a gidansu a wani ƙaramin gari da marubuciyar ta raɗa wa suna Bussy. An tallata shi a matsayin fim ɗin soyayya, kuma soyayyar tana nan. Amma abin da ya fi riƙe ni a cikinsa shi ne halin da kalmomi ke shiga idan aka ci gari da yaƙi. Kowa ya san mamaya tana ƙwace ƙasa da hatsi da dawakai. Abin da ba a cika sawa a lissafi ba shi ne, tun kafin waɗannan, tana ƙwace wa mutum ikon cewa a'a. Da zarar wannan ikon ya tafi, sauran kalmomin zaman tare, irin su baƙo da ladabi da kyauta da yarda da so, sai su tsaya da kamanninsu na da, cikinsu kuwa ya zama abin tuhuma.

Yadda abin ya faru ba ɓoyayye ba ne. Jamus ta auka wa Faransa a watan Mayu na 1940, cikin mako shida komai ya rushe. Miliyoyin mutane suka cika hanyoyi da amalanke da kekuna da katifu, jirage na binsu da harbi, kamar yadda farkon fim ɗin ya nuna. Ranar 14 ga Yuni sojojin Jamus suka shiga Faris ba wanda ya tare su. Ranar 22 ga wata aka sa hannu kan yarjejeniyar ajiye makamai a dajin Compiègne, cikin taragon jirgin ƙasan nan da Jamus ta sa hannu kan shan kayenta a 1918. Aka raba ƙasar biyu, arewa da gaɓar yamma a hannun Jamusawa, kudu a hannun gwamnatin Marshal Pétain da ke Vichy. Aka ɗora wa Faransa biyan faran miliyan 400 kullum, kuɗin ciyar da rundunar da ta danne ta. Aka kwashe sojojinta sama da miliyan 1.5 zuwa sansanonin Jamus. Har agogo bai tsira ba, an tura shi gaba ya yi daidai da na Jamus. Mutum ya tashi da safe a gidan ubansa, rana ta fito inda ta saba, amma ƙarfe nawa ne, sai abin da baƙi suka ce.

Kalmar baƙo ita ce ta fara gurɓacewa. A wurinmu baƙo yana da daraja har ana cewa baƙonka annabinka, amma darajar tana da sharuɗɗan da kowa ya sani ko ba a faɗa ba. Baƙo a zaure yake tsayawa ya yi sallama, ba ya ɗaga labule sai an amsa. Abin da aka kawo masa shi yake ci. Kuma komai daɗewarsa zai tafi. Mai gida yana tarbarsa da sakin fuska ne alhali da ya ga dama da ya ce gidan a cike yake, kuma karamcin duka a kan wannan ganin damar yake tsaye. Shi kuwa hafsan da aka sauke a gidan Angellier, takarda ce daga ofishin runduna ta shigo da shi. Ɗakin da ya samu na mai gidan ne, da teburinsa da kujerarsa. Ranar tafiyarsa ma ba shi zai sa ta ba, balle masu gida. Hausawa sun riga sun yi wa irin wannan sauka magana: tilas ba ta rasa ɗakin kwana. Duk gaisuwar da za a yi a matakalar gidan nan, duk sannu da na gode, a ƙarƙashin wannan tilas ake yin su.

Sai ladabi. A watannin farko Faransawa da yawa sun yi mamakin 'yan mamayar. Sun zaci dodanni za su gani, sai ga samari tsaf-tsaf suna biyan kuɗin abin da suka saya, suna tashi wa tsofaffi a kujerar jirgi. Ladabin kuwa umarni ne daga sama. An manna hotuna a bango, sojan Jamus na murmushi ɗauke da yaro, wasu yaran a gefensa, an rubuta wa mutanen da shugabanninsu suka gudu suka bari cewa su amince da shi. Biyan kuɗin ma bai yi musu wuya ba, tun da su suka yanke cewa mak ɗaya na kuɗinsu faran 20 ne, suka yashe kantuna da kuɗin da Faransa ke biyansu.

Wanda ke son sanin iyakar wannan ladabi ya dubi abin da ya sami sojojin da Faransa ta ɗebo daga ƙasashen Afirka da take mulka, har da Nijar, ta haɗa na yammacin duka ta kira su 'yan Senegal. Ranar 7 ga Yuni 1940 a garin Airaines, Jamusawa suka kama Kyaftin Charles N'Tchoréré, haifaffen Gabon. Ya nemi a tsayar da shi tare da sauran hafsoshi kamar yadda dokar yaƙi ta tanada, suka harbe shi nan take. Bayan mako biyu a Chasselay, kusa da Lyon, aka ware baƙaƙen fursunoni daga farare, aka buɗe musu wuta da bindigogin tankoki. Rundunar da ke rusuna wa uwar gida a falo ita ce ta yi wannan, a cikin wata guda. Ladabinta yana zaɓen launin fata. Kuma ga mai karatun Hausa akwai abin da ba zai wuce shi ba: Faransar da ke kukan an sauka a gidanta ba sallama, ita ma haka ta sauka a Damagaram tun 1899, kuma tana nan zaune a lokacin da take wannan kukan.

A waɗannan kwanakin na Yunin 1940 ne wani mutum ya gwada cewa a'a, muka ga farashinta. Jean Moulin shi ne wakilin gwamnati a birnin Chartres. Ranar 17 ga Yuni Jamusawa suka kawo masa takarda ya sa hannu, wadda ta ɗora wa sojojin Afirka laifin kashe fararen hular da bama-baman Jamus suka kashe. Ya ƙi. Suka yi masa dukan kawo wuƙa suka kulle shi. Da dare, don tsoron kada azaba ta sa ya sa hannun, ya ɗauki fasasshen gilashi ya yanki maƙogwaronsa. Bai mutu ba, ya rayu har ya haɗa kan ƙungiyoyin gwagwarmaya, kafin a kama shi a 1943 ya mutu a hannunsu. Wannan shi ne kuɗin kalmar a'a a Faransar 1940. Ya kamata mai kallo ya riƙe shi a ransa duk lokacin da ya ga wata a fim ɗin ta ce to.

Wanda ba zai iya biyan wannan kuɗi ba, abin da ya rage masa shi ne shiru. Uwar mijin Lucile ta kafa doka a gidan cewa ba mai duban hafsan, ba mai amsa masa. Wannan makami ya shahara a adabin lokacin. A watan Fabrairu na 1942 aka buga wani ɗan littafi a ɓoye mai suna Le Silence de la mer, wato shirun teku, na Jean Bruller wanda ya ɓoye sunansa ya kira kansa Vercors. Jean-Pierre Melville ya mai da shi fim a 1949. A can ma hafsan Jamus ne mai tsara kiɗa, mai ƙaunar Faransa, aka sauke a gidan wani dattijo da 'yar ɗan'uwansa. Kullum da dare sai ya zo bakin murhu ya yi ta magana, dattijon na zuƙar lofe, yarinyar na saƙa, ba mai ɗaga kai. Wata da watanni ana haka, har ranar da ya gane abin da shugabanninsa ke nufi da Faransa, ya nemi a tura shi fagen daga na gabas. Ranar ce kaɗai yarinyar ta buɗe baki, ta yi masa ban kwana da kalma ɗaya.

Shiru ma magana ce, amma maganar da ake iya yi wa fassara biyu. A sha'anin aure, idan aka nemi izinin budurwa ta yi shiru, malamai na ɗaukarsa yarda, domin an buɗe mata ƙofar ƙi, kunya ce ta hana ta furta amincewa. Shirun gidan da aka mamaye an yi shi ne don ya zama ƙi. Sai dai mai shiru yana saurare, kuma saurare shi ne ƙofar sabo. A labaran biyu, cikin shirun da aka gina don ya zama katanga ne son ya tsiro, ba wanda ya gani.

Fim ɗin bai yi ƙarya ba game da yadda hakan ke faruwa. Auren Lucile ba na so ba ne. Uwar mijinta mace ce mai riƙon kuɗi da sanyin fuska, tana jan ta gona-gona karɓar kuɗin haya daga talakawan da ke zaune a ƙasarsu. Samarin gari duk suna sansanin fursuna ko suna kabari. Mutum na farko da ya tambaye ta abin da ita take so, wanda ya lura tana son kiɗa, shi ne wanda aka hana ta duba. A kan teburinsa kuma akwai tarin wasiƙun tsegumi da mutanen gari ke aiko wa Jamusawa, wannan na tona wancan, maƙwabci na shafa wa maƙwabci kashin kaji. A cikinsu ta karanta cewa mijin da take yi wa zaman jira yana da wata mace a waje har da 'ya, kuma gari duka ya sani. Daga nan kalmar namu da kalmar nasu suka daina zama inda aka ajiye mata su.

Me ya sa irin wannan so ke tayar wa al'umma hankali fiye da cinikin hatsi da abokan gaba? Tarihinmu yana da abin da zai taimaka. Bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya zaɓi hijira, ya nufi gabas har ya yi shahada a Burmi a watan Yuli. Waziri Buhari kuwa ya tsaya da jama'ar da ba su da ƙarfin tafiya, ya tara malamai ya nemi fatawa. Abin da suka tsayar shi ne, ya halatta a zauna da mai rinjaye a al'amuran duniya, a ba shi harshe muddin bai hana addini ba, amma zuciya ba a ba shi. Daga baya Wazirin ya rubuta risala yana bayyana yadda abin ya dame shi. Kusan duk al'ummar da aka ci da yaƙi a wannan rabo take fakewa: jiki da harshe na mai ƙarfi, zuciya tamu. Manomin da ya sayar wa Jamusawa alkama zai ce tilas ce. Akawun da ya buga musu hatimi zai ce tilas ce. Mai so ba ta da wannan mafaka, don ba a taɓa yin rundunar da ta iya sauke soja a zuciyar mutum ba. Wuri ɗayan da tilas ba ta samun ɗakin kwana, ita ta buɗe shi da hannunta.

To amma da hannunta ɗin ne? A nan ne ciwon yake. Son Lucile shi ne abu ɗaya da ta yi don kanta a gidan da kowa ke juya ta, kuma shi ne abin da ba za ta taɓa iya tabbatar da cewa don kanta ta yi ba. Idan ta yi masa murmushi, ina son ya tsaya, ina tsoro ya fara, ina kuma neman inuwar mai iko ya shigo? Ita ba ta sani ba. Shi ma ba zai sani ba, kuma wannan ita ce asarar da ɗan mamaya ke jawo wa kansa: ya hana kansa sanin ko ana sonsa. Fim ɗin ya ajiye ma'auni a gonar da ke gefe. A can an sauke wani hafsa mai suna Bonnet a gidan manomi Benoît, yana bin matarsa Madeleine da ido ƙiri-ƙiri, yana yi wa mijin ba'a da gurguwar ƙafarsa. Takardar da ta shigar da Bonnet gidan can irinta ce ta shigar da Bruno gidan nan, ikonsu ɗaya. Bambancin kawai shi ne Bruno ya zaɓi kada ya yi aiki da nasa. Matar da mutuncinta ke rataye a kan halin kirkin wani, ba a ce tana cikin aminci ba.

Shi ya sa masoyan nan biyu ba su da yawan magana, kiɗa ne ke tsakaninsu. Bruno mai tsara kiɗa ne kafin a sa masa kaki, kuma ɗan sautin fiyanon da yake ta maimaitawa da dare, wanda Alexandre Desplat ya rubuta wa fim ɗin, shi ke ratsa bango ya iske ta. Kowace kalma da za su yi amfani da ita an riga an ɓata ta, kiɗa kuwa ba ya roƙo balle ya zama umarni. A wannan wajen ina ganin masu fim sun yi wa kansu asara da suka sa Faransawan labarin suna Turancin Ingila. A zahiri, jin harshenka a bakin wanda ya ci ka da yaƙi, yana furta shi da kyau har ya fi wasu 'yan gari, wani ɗaci ne na daban, kuma fim ɗin ya rasa shi.

Kiɗan bai hana aikin soja zuwa ba. Benoît ya kashe Bonnet ya ɓuya, Lucile ta ɓoye shi a gidansu, hafsan Jamus na kwana a ɗaki na gaba. Da aka rasa shi, sai aka kama magajin gari a madadinsa, kuma Bruno aka ba umarnin jagorantar masu harbin. Ya yi. Irin wannan ramuwa ba ƙirƙirar fim ba ce: a watan Oktoba na 1941, bayan an kashe kwamandan Jamus a Nantes, an harbe mutum 48 da ke tsare. Hannun da ke taɓa fiyano da dare shi ya ɗaga bindiga da rana, kuma fuskarsa cike da baƙin ciki ba ta cire ko harsashi ɗaya ba. Hatta alherin da ya yi mata daga baya, takardar izinin tafiya Faris, mece ce? Izini ne ta bi hanyar ƙasarta, a motar gidansu. Kamar wanda ya kwance maka akuya ne, ya dawo da safe yana miƙo maka ƙoƙon nononta yana jiran godiya. Kyautar gaskiya ce daga zuciyarsa, amma daga cikin abin da aka ƙwace mata ya ɗebo.

Inda na rabu da fim ɗin shi ne ƙarshensa. An kai mu shingen bincike a hanyar Faris, Lucile ɗauke da Benoît a mota, an yi harbe-harbe, Bruno ya iso a kan babur, ya ga Benoît, ya taimaka aka ɗora shi a motar ya bar su suka wuce, sannan muryar Lucile ta gaya mana ta shiga gwagwarmaya. An wanke kowa: ita ta zama jaruma, shi ya zama mai tuba, mai kallo ya fita da zuciya wasai. Littafin bai yi wannan rangwame ba. A cikinsa, lokacin da suka keɓe ya kai hannu gare ta, jikinta ne ya ƙi, ta ture shi, kamar abin da bakinta bai iya faɗa ba ya fito ta wata hanya. Babu tseren mota. Labari ne ya zo cewa Jamus ta auka wa Tarayyar Sobiyet ranar 22 ga Yuni 1941, aka kwashe rundunar zuwa gabas, garin ya tsaya yana kallonsu suna fita. Ba a yanke wa kowa hukunci ba, ba a kuma sallami kowa ba. Sinima na tsoron barin mai kallo da irin wannan nauyi, shi ya sa take neman wa so takardar shaidar kishin ƙasa kafin ta yarda a tausaya masa.

A duniyar gaske matan ba su sami wannan takarda ba. Kalmar da aka yi musu hukunci da ita, haɗin kai, daga bakin shugaban ƙasa ta fito. Pétain ne ya gana da Hitler a Montoire ranar 24 ga Oktoba 1940, ya hau rediyo bayan kwana shida ya ce ya ɗauki hanyar haɗin kai da Jamus. Kalma ce mai kyau a asalinta, ya mai da ita zagi. Da aka kori Jamusawa a 1944, sai aka fito da mata dandali ana aske musu kai, jama'a na ihu. Masanin tarihi Fabrice Virgili ya ƙiyasta sun kai 20,000. Robert Capa ya ɗauki hoton ɗaya a Chartres ranar 16 ga Agusta 1944, a garin nan da Moulin ya ƙi sa hannu: kanta ƙwal, jaririyar da ta haifa wa sojan Jamus a ƙirjinta, idonta a kan jaririyar, titi cike da masu rakiya suna dariya. Fim ɗin Hiroshima mon amour na Alain Resnais, wanda Marguerite Duras ta rubuta, ya fito a 1959 da labarin irin wannan yarinya a garin Nevers, wadda aka harbe masoyinta, aka aske ta, iyayenta suka ɓoye ta a ɗakin ƙarƙashin ƙasa don kunya.

A cikin matan akwai waɗanda suka yi tsegumin da ya kashe mutane, wannan gaskiya ne. Akwai kuma masu wanki da masu dafa abinci da waɗanda yunwa ta kai, da waɗanda so kawai suka yi. Aska ba ta bambance ba. Shi kuwa Maurice Papon, babban jami'in gwamnati a Bordeaux wanda ofishinsa ya shirya kwashe Yahudawa kusan 1,600, ba wanda ya taɓa gashin kansa. Ya zama shugaban 'yan sandan Faris a 1958, ya zama minista a 1978, sai a 1998 kotu ta same shi da laifi. An bar jaki ana dukan taiki. Mazan da suka kasa tsare gari a 1940 sun huce takaicinsu a kan waɗanda ba su da kowa.

Duk wannan zai iya sa mutum ya ce labarin soyayya da ɗan mamaya wasa ne da jinin mutane. Abin da ke hana ni faɗin haka shi ne sanin wadda ta rubuta shi. An haifi Irène Némirovsky a Kiev a 1903, 'yar wani Bayahude mai banki. Juyin juya halin Rasha ya koro su, suka iso Faransa a 1919. Da Faransanci ta yi suna tun littafinta David Golder na 1929, amma Faransa ba ta taɓa ba ta takardar zama 'yar ƙasa ba. Ta shiga Katolika a 1939, hakan bai cire ta daga dokar Vichy ta Oktoba 1940 da ta ware Yahudawa ba. Ta koma ƙauyen Issy-l'Évêque da mijinta Michel Epstein da 'ya'yansu mata biyu, inda ta zauna tana ganin sojojin Jamus kullum, kuma da wannan ƙauye ta gina Bussy. Ta tsara littafin kashi biyar, ta gama biyu, tana rubutu ƙanana-ƙanana don takarda da tawada sun yi wuya. Kashi na biyu, na Lucile da Bruno, ta sa masa suna Dolce, kalmar da masu kiɗa ke rubutawa a gefen takarda idan ana so a taɓa a hankali, da taushi.

Ranar 13 ga Yuli 1942 jandarmomin Faransa suka zo suka tafi da ita. Daga sansanin Pithiviers aka sa ta a jirgi zuwa Auschwitz, ta rasu a watan Agusta tana da shekara 39. Mijinta ya bi ta a watan Nuwamba. 'Yarta Denise ta riƙe littafin a akwati fiye da shekara 50, tana zaton kundin sirrin uwarta ne, ba ta iya buɗe shi ba. Da ta zauna da gilashin ƙara girman rubutu ta kwafe shi, aka buga a 2004, ya ci kyautar Renaudot. Matar da doka ta tattara rayuwarta duka ta mai da ita kalma ɗaya a rajista, ita ce ta ƙi yi wa maƙiyinta haka. Ta ba shi suna da kewar gida da kiɗan da bai gama ba, ta kuma bar masa kakinsa a jiki. Ba ta yi hakan cikin jahilci ba, tana rubutu ne tana sane da abin da ke tafe.

Saboda haka ban ga laifin a ba da irin wannan labari ba. Abin da nake nema ga mai ba da shi da mai kallonsa shi ne riƙe abu biyu tare, ko da hannu zai gaji: cewa sojan mutum ne da za a iya so, da cewa zamansa a gidan zalunci ne tun daga ranar farko har ta ƙarshe. Wanda ya saki na farko zai ɗauki aska ya nufi dandali. Wanda ya saki na biyu zai fito daga sinima yana zaton mamaya matsala ce ta mugayen hafsoshi, da an turo masu kirki da an zauna lafiya. Ƙasar Norwe ta ɗauki fiye da shekara 70 kafin Firaministar lokacin, Erna Solberg, ta nemi gafarar matan da aka wulaƙanta don sun yi tarayya da sojojin Jamus, a 2018, lokacin da mafi yawansu sun riga mu gidan gaskiya. Mace da namiji na iya son juna a kowane irin zamani, har a gidan da aka ci da yaƙi. Amma ba za su san nauyin son nasu ba sai ranar da mai rauni a cikinsu za ta iya cewa a'a ta kwana lafiya. Wanda ya hana su wannan rana, shi ya kamata a fara kira gaban shari'a.